Ƙafar Kura a Zangon Wagadugu

A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, fataken Hausawa sun kafa zangonsu tun kafin zuwan Faransawa, ana ce da unguwar Zangouettin. A shekarar 2003 hukuma ta rushe ta domin aikin gina sabuwar cibiyar kasuwanci da ake kira ZACA, mutanenta suka watsu zuwa gefen gari. Cikin waɗanda suka tashi akwai wani dattijo maƙerin tagulla. Tun yana yaro ya koyi zubi a Nioghsin, unguwar da iyalin Derme suka yi suna da wannan sana'a. Abin da ake nemansa dominsa ƙarami ne: shi ke yi wa 'yan mutum-mutumi ƙafafun dabba.

Mosawa suna da zomo da kura a tatsuniyoyinsu, kamar yadda Bahaushe yake da Gizo. Mai saye yakan so kura a tsaye kamar mutum, da riga da sanda, amma da ƙafarta ta kura. A nan wahalar take. Mutum yana taka ƙasa da tafin ƙafarsa duka, kura kuwa a kan yatsu take tafiya, diddigenta a sama. In aka ɗora nauyin tagulla a kan ɗan wannan wuri, sai siffar ta kife. Masu gaggawa sukan manna ta a kan faranti su huta. Dattijon ba ya son faranti. Yakan faɗaɗa dagin kaɗan, yadda ido ba zai lura ba, ya sauko da wutsiya ta taɓa ƙasa ta zama ƙafa ta uku.

Ya kuma san sawu kamar maharbi. Kura yatsu huɗu gare ta, faratanta a waje kullum. Zaki yakan ɓoye nasa. Kofaton doki ɗaya ne, na saniya a tsage, raƙumi yatsu biyu a kan tattausan tafi. Baƙo daga Turai ba zai san bambanci ba, amma ɗan ƙauye in ya ga kura da ƙafar zaki, dariya zai yi. Wannan dariyar ce dattijon yake gudu.

Da kakin zuma ake fara siffar. Sa'an nan a lulluɓe ta da yumɓu wanda aka kwaɓa da kashin jaki, a shanya, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye. Ramin da ya bari shi ake cikawa da narkakkiyar tagulla ta tsofaffin kawunan famfo da kwado. Sau da yawa ta ƙafa ake zubawa, siffar tana kife, kai a ƙasa. Wato ƙafa ita ce ƙarshen cika. In tagullar ta gaza ko ta huce da wuri, sai a fasa yumɓu a tarar da kura kyakkyawa, ba yatsu. Kakin ya riga ya tafi, yumɓun ya fashe, ba abin da za a koma a kwafa. Aikin kwanaki ya tafi ke nan, har da kuɗin gawayi. Siffar da Nebukadnezzar ya gani a mafarki ma, ai ta ƙafa aka buge ta.

Kasuwa kuwa ta yi sanyi. Tun harin da aka kai a titin Kwame Nkrumah a watan Janairu na 2016, baƙin da ke sayen irin waɗannan kaya suka ragu, 'yan tsanar roba kuma sun cika kasuwa da araha. Yaransa biyu sun koma gyaran babur. Ɗaya ne ya rage, shi ma har yanzu bai kai ga taɓa tagulla ba. Maigidan ya sa shi murza kaki, ƙafar kura ta baya kaɗai, ya yi ya lalata, wata na uku ke nan.