Ɗaki Mai Taga a Jirgin Gaɓar Norwe

Ƙasar Norwe tana can arewacin Turai. Doguwa ce siririya, duwatsu sun cika ta, teku kuma ta tsattsaga bakinta. A dā mutanen arewacin ƙasar sukan yi makonni suna jiran wasiƙa. A shekara ta 1893 wani matuƙi mai suna Richard With ya soma ɗaukar wasiƙu da kaya da fasinja a jirgin ruwa daga Trondheim zuwa Hammerfest kowane mako. Suna kiran wannan hanya Hurtigruten, wato hanyar sauri. Yanzu jiragen sukan tashi daga Bergen su bi gaɓa har Kirkenes, kusa da iyakar Rasha, tashoshi 34 ke nan. Akan kwana shida a hanya, a rana ta bakwai a isa. Har yau suna ɗaukar kaya, amma masu yawon buɗe ido sun yi yawa a cikinsu.

Ɗakunan kwana a jirgi ba ɗaya ba ne. Akwai na ciki marasa taga, su ne masu araha. Akwai masu taga, akwai kuma manya masu falo, kuɗinsu ya ninka na sauran. Kowane fasinja yana so a ɗaga shi daga ƙaramin ɗaki zuwa babba, kuma hakan yakan yiwu ta hanya uku. Wani yakan sayi tikiti ba tare da ya zaɓi lambar ɗaki ba, in irin nasa sun cika sai kamfani ya sa shi a wanda ya fi, kyauta. Wani lokaci kuma, in ranar tashi ta kusa, kamfani yakan aiko wa fasinja saƙo ya yi tayin ɗakunan da suka rage. Ta uku ita ce mutum ya je teburin karɓar baƙi bayan an tashi, ya tambaya cikin ladabi. A wannan hanya mutane suna sauka a kowace tasha, don haka ɗaki yakan samu.

Ni da uwargidana mun shiga a Bergen da yamma, cikin watan Yuni, da tikitin ɗakin ciki a tsakiyar jirgi. Da asuba muka zagaya wani tsinin ƙasa da ake kira Stad, inda babu tsibirin da zai tare igiyar ruwa. Jirgi ya yi ta tangaɗi, jiri ya ɗan kama uwargida, amma da ta kwanta ya sake ta. Da hantsi muka iso Alesund, garin da gobara ta cinye a 1904 aka sāke gina shi da dutse.

Bayan mun bar Alesund na tafi wurin akawu na tambaya ko akwai ɗaki mai taga. Ta ce akwai biyu, in za mu ƙara kuɗi. Na roƙe ta ta nuna mini su a taswirar jirgi, gama matambayi ba ya ɓata. Na fari yana bene na sama, can wajen goshin jirgi, tagarsa babba. Na biyu yana tsakiya, amma kwalekwalen ceto yana rataye a gaban tagar.

A nan ne mai karatu zai lura da abin da masu aikin jirgi suka sani. Jirgi a kan igiyar ruwa kamar itacen da aka ɗora a kan turmi yake, yara biyu suna lilo a kansa. Bakin nan ya hau, bakin can ya sauka, tsakiya kuwa da kyar take motsi. Haka nan bene na sama ya fi na ƙasa karkata. Saboda haka ɗaki mai tsada a sama wajen goshi shi ne ya fi wahal da mai jiri. Ga shi kuma Vestfjord tana gabanmu, tsakanin Bodo da tsibiran Lofoten, wajen awa huɗu a buɗaɗɗiyar teku. Muka yi shawara, muka gode wa akawu, muka zauna a ɗakinmu.

A rana ta huɗu da safe muka ƙetare layin da daga shi zuwa arewa rana ba ta fāɗuwa a tsakiyar lokacin zafinsu. A Tromso takan yi wata biyu cur ba ta fāɗi ba, daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli. Ƙarfe goma sha biyu na dare muka tsaya a saman jirgi, ga rana tana haska ƙanƙarar da ke kan duwatsu kamar la'asar. Masu taga suka yi ta fama da labule don su sami barci. Mu kuwa da mun rufe ƙofa sai duhu, mu yi barci har safe. Kuɗin da za mu ƙara a kan ɗaki, da shi muka shiga mota daga Honningsvag zuwa Nordkapp, dutsen da ya yi tsayin mita 307 a bisa teku, inda hanyar mota ta ƙare.

Ba cewa nake yi ɗaki mai taga ba shi da daɗi ba. Tsoho wanda hawa bene yake ba shi wuya, ko mai jego, taga za ta kawo musu duwatsu da garuruwa har bakin gado. Amma in an yi muku tayin ɗaki, ku tambayi abu huɗu tukuna. A wane bene yake, kuma a gaba ne ko a tsakiya? Me ke bisansa da ƙarƙashinsa, gama jirgin nan yana sauke kaya har da tsakar dare? Me ke gaban tagar? Sa'an nan, in kuna tafe da yara, ku tabbata ba za a raba ɗakinku da nasu ba, domin da zarar kun saki na fari ana iya ba wani, ba kuwa lalle ku sāke samunsa ba.