Likitan Awaki a Ƙasar Karaye da Rogo

Idan aka ambaci likitan ƙananan dabbobi a ƙasashen Turai, mai duba karnuka da kyanwoyi ake nufi. A ƙasar Karaye da Rogo kuwa, wato yammacin Jihar Kano wajen iyaka da Katsina da Kaduna, ƙananan dabbobi su ne awaki da tumaki da kaji, sai karnukan mafarauta jefi-jefi. Galibin wannan dukiya ta mata ce. Akuyar da ke ɗaure a bayan ɗaki ita ce asusun matar gida, da ita ake sayen kayan ɗakin 'ya, da ita ake kai yaro asibiti. Saboda haka likitan da ke duba ta sirrin gida yake rufawa.

Tun da sassafe yakan nemi ƙanƙara ya zuba a akwatin allurai, domin maganin rigakafin da ake yi a cibiyar Vom, wadda aka kafa a 1924, zafi yana kashe ƙarfinsa. Daga nan sai ya hau babur ya shiga ƙauyuka. In ya isa gida ya yi sallama a zaure, ya jira izinin maigida, ko kuma yaro ya jawo masa dabbar waje.

Kowane lokaci na shekara da irin aikinsa. Da damina tsutsar ciki da kaska ke damun dabbobi. Waɗanda ke kiwo a bakin madatsar ruwan Challawa kuma sukan kamu da tsutsar hanta, wadda ƙananan dodon koɗi ke yaɗawa a fadama. Da hunturu annoba takan share akurki cikin kwanaki kaɗan, ga ciwon nan na majina da zawo mai ƙarar da awaki. Gabanin layya kuwa sai a kawo masa ragon turka da aka cika wa dawa har cikinsa ya kumbura, ko tunkiyar da ta rame don leda ta cushe mata tumbi.

Babbar wahalarsa ita ce ba a kiransa da wuri. Sai an ba da kanwa da jiƙo, an gwada ƙwayar da mai talla ya sayar a kasuwa, akuya ta kasa tashi, sa'an nan a aika masa. Tsohuwa ta ce, "Likita, ka taimake ni, ita ke nan gare ni." Shi kuma ya ce, "Inna, bari in duba tukuna." A nan fa shawara take da nauyi. In ya yi allura, naman ba zai ciwu ba sai bayan wasu kwanaki. In kuma ta mutu cikin dare ta zama mushe, an yi asarar akuya da kuɗin magani gaba ɗaya. In ya ce a yanka, mahauci zai saye ta da arha, alhali wataƙila da ta tashi. Dole ya auna zafin jikinta, ya duba ido da dasashi, ya faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa mai dabba daɗi ba.

Wannan ne ya sa ba ya gajiya da roƙon masu unguwa su tara masa awaki ranar rigakafi. Allura ɗaya takan tsare akuya daga ciwon majina da zawo har shekara 3. Da irin wannan naci aka kawar da bushiyar shanu daga duniya a 2011, ana kuma fatan a gama da na awaki nan da 2030. Ko za a cimma wannan buri, ya danganta ga mai babur da akwatin ƙanƙara, da kuma ranar da matar gida za ta riƙa kiransa akuyarta tana tsaye da ƙafafunta.