Minti 3 kafin ta farka

Mu uku ne a ɗakin samari na gidanmu da ke Mabera, kuma kwamfuta ɗaya gare mu. Yayanmu da ke aiki a Abuja ne ya aiko mana ita sabuwa fil a kwalinta, irin ta wasanni, mai fitilu a ƙarƙashin madannai. Baba ya gindaya sharaɗi tun ranar farko: atisayen JAMB tukuna, ƙwallo daga baya.

Sati biyu kacal ta yi tana tashi kamar walƙiya, sai ta fara nawa. Ka danna maɓalli, ka je randa ka sha ruwa ka dawo, ba ta gama shiri ba. Nan take muka yanke hukunci cewa an cuci Yaya, an sayar masa da tsohuwa a sabon kwali. Da maganar ta kai kunnen Baba ya ce ranar Asabar zai kira shi a mayar wa mai shago. Wannan ya tayar mana da hankali, don mun san in ta bar gidan, da wuya wata ta shigo.

Wani maƙwabcinmu ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne ya cece mu. Bai ko taɓa ta ba ya tambaya, "Mi kunka zuba mata?" Muka ce ba komai. Ya ce mu ɗauko waya mu auna lokaci. Daga danna maɓalli zuwa wurin rubuta kalmar sirri, daƙiƙa 15 ne. Daga nan zuwa lokacin da za a iya buɗe wani abu kuwa, kusan minti 3. Ya ce to na'urar lafiyarta lau, matsalar tana cikin abin da ke tashi bayan an shiga.

Ya sa muka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe. A ciki akwai sashen da ke jera manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfuta, kuma Windows na nuna nauyin kowace a gefenta. Muka ƙirga 14. Steam da Discord mu muka saka su, ba mu lura mun ba su izinin tashi da kansu ba. Akwai wasu uku da ba mu ma san sunayensu ba, sun biyo wani wasa da muka kwafo daga filashin abokinmu. Su ukun muka goge su gaba ɗaya, sauran muka hana su tashi. Hanawar ba ta goge komai. Manhajar tana nan, sai ka kira ta take zuwa.

Abin kunya shi ne na riga-kafin cutar kwamfuta. Ta zo da na gwaji, mu kuma don ƙwazo muka ƙara wani, alhali Windows 11 na da nasa. Biyun nan kowanne na binciken fayil ɗaya a lokaci ɗaya. Muka cire su.

Saura sabuntawa. Datarmu ta ƙare ana tsakiyar saukewa, aikin ya maƙale, kullum kwamfutar na ƙoƙarin ƙarasawa. Muka sayi datar dare, muka zauna har ƙarfe 2. A nan muka koyi cewa kashewa da sake kunnawa ba ɗaya ba ne: in ka zaɓi Shut down, Windows kan ajiye wani ɓangare na kansa don ya tashi da sauri, Restart ne ke farawa daga tushe. Mu kuwa ba mu taɓa danna shi ba.

Ya kuma hana mu ɗora ta a katifa, don ƙofofin iskarta a ƙasa suke, ga zafin Afrilu a Sakkwato yana haura 40.

Da safe muka sake aunawa: daƙiƙa 30, komai da komai. Baba bai kira Yaya ba. Tambaya ɗaya ya yi, wa ya kawo filashin? Babu wanda ya amsa. Yanzu kwamfutar a falo take kwana, wasa kuma sai Asabar bayan la'asar.