Oshkosh: Inda Masu Jirgi Ba Sa Ɓoye Aibun Na'ura

Oshkosh gari ne madaidaici a jihar Wisconsin ta Amurka, a gaɓar tafkin Winnebago. A sauran watannin shekara ba shi da wata hayaniya. Amma da ƙarshen Yuli ya kama, sai ƙananan jiragen sama wajen 10,000 su yi wa yankin dirar mikiya, mutane sama da 600,000 su yi ta tururuwa filin jirgin Wittman har mako guda. Ƙungiyar masu sha'awar jiragen sama, EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, ita ke shirya taron, kuma tun 1970 a nan ake yin sa. Yawancin jiragen na ɗaiɗaikun mutane ne, likita da manomi da malamin da ya yi ritaya, wasu ma da hannunsu suka harhaɗa abinsu a garejin gida. Mutum ya sauka, ya ɗaure jirginsa a kan ciyawa, ya kafa tanti ƙarƙashin fiffike, shi ke nan ya sami masauki.

Yadda suke shigowa ma abin kallo ne. A wani ƙauye da ake kira Fisk, jami'ai na zaune a fili da tabarau mai hangen nesa. Su kira jirgi da launinsa da samfurinsa, matuƙi ba ya amsawa a rediyo, sai dai ya karkaɗa fukafukai alamar ya ji. A makon da filin ke shiga sahun mafi cunkoso a duniya, ido da kunne aka dogara da su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hirar da ake yi a rumfunan lacca da gindin jirage. Na zaci kowa zai yi ta wasa kayansa, sai na tarar rabin zancen a kan ranar da kayan suka ba da kunya ne. A da, gaban matuƙi agoguna ne guda shida masu allura: na gudu, na tsawo, na daidaiton jirgi da sauransu. Wasu daga ciki famfon iska ne ke juya su, kuma mugun halinsa shi ne idan ya mutu ba ya sallama. Agogon sai ya riƙa karkata a hankali, matuƙin da ke cikin gajimare ya bi shi yana zaton daidai yake tafiya. A can ciki jiki ba ya gane sama da ƙasa. Har yanzu suna ambaton Mel Carnahan, gwamnan Missouri, wanda ya rasu a Oktoban 2000 cikin ƙaramin jirgi samfurin Cessna, da dare cikin ruwan sama, bayan agogon daidaito ya sami matsala.

Daga wajajen 2003 allon kwamfuta ya fara maye gurbin agogunan, kuma ya zuwa 2006 fiye da kashi 90 cikin 100 na sababbin ƙananan jirage da shi suke fitowa. Allon ya fi kyau, ya fi bayani, kuma yana da wani halin kirki: idan wani sashensa ya rikice yakan zana jan kuros a wurin, ya ce kada a yarda da shi. Sai dai ya tara ƙwai da yawa a kwando ɗaya. Altaneta mai cajin batir ta mutu, batir ya ja baya, ko waya ɗaya ta sassauta saboda girgizar inji, sai abin da agoguna shida ke nunawa ya ɗauke a lokaci guda. Kuma duk wayonsa, daga wani siririn bututu da ke waje yake sanin gudun jirgi. Ƙanƙara ta toshe bututun, ko zanzaro ya yi gini a ciki yayin da jirgi ke ajiye, allo mai tsadar dubban daloli zai shara ƙarya da kyakkyawan rubutu.

A 2010 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da nazari a kan jirage sama da 8,000 da aka ƙera tsakanin 2002 da 2006. Ta gano masu allon ba su kai masu agogo yawan haɗari ba, amma haɗarinsu ya fi yawan cin rai, ta kuma nemi a ƙara horar da matuƙa kan yadda allon ke lalacewa. Ban ga wanda ya ɗauki wannan a matsayin cin fuska ba. Wani dattijo mai jirgi ƙirar gida ya nuna mini gaban nasa: manyan alluna biyu, a gefe kuma wani ɗan ƙaramin agogo mai nasa batir daban, wanda da gangan ya saya daga wani kamfanin, don kada kuskuren manhaja ɗaya ya kwantar da duka. Lokaci-lokaci, in ji shi, yakan ɗauki malami su tashi, malamin ya rufe allunan, shi kuwa ya kawo jirgi gida da ɗan ƙaramin.

Na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ita ce ta fi shan zargi da yabo. Tsohuwa ce, don tun 1914 Lawrence Sperry ya nuna ta a Faransa, ya ɗaga hannuwansa sama makanikensa na tsaye a kan fiffike. Ga mai tafiya shi kaɗai cikin hazo, samunta rahama ce. Amma ƙananan injinan lantarki ne ke ja mata wayoyin akala, kuma wanda ke saita wutsiya yakan ƙwace wani lokaci, ya yi ta murzawa har hancin jirgi ya nufi ƙasa ko sama da ƙarfin da hannu zai sha wuyar mayarwa. Shi ya sa akwai jan maɓallin kashe ta a kan sitiyari, kuma a jirage da yawa da na leƙa an sa wa fis ɗin na'urar zobe mai launi, yadda hannu zai lalubo shi ko a duhu. Mafi yawan lokaci ma lafiyarta ƙalau. Matuƙin ne ya danna wani tsari yana zaton wani ne, ita kuwa ta yi abin da aka ce mata, ko da gudun jirgi na raguwa zuwa inda fiffike zai daina ɗauka.

Wannan ɗabi'a ta faɗin gaskiya ba kara zube take ba, akwai doka a bayanta. Kowane jirgi sai makaniken da aka ba lasisi ya duba shi duk shekara, agogon tsawo kuma duk wata 24 ga mai son shiga gajimare. Idan an gano aibu a wata na'ura, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, kan ba da umarnin dole ga duk mai irinta. Tun 1976 kuma hukumar NASA ke karɓar rahoton matuƙa da makanikai, ta cire sunayensu, ta baza labarin kowa ya karanta. Wanda ya kai rahoton kansa cikin kwana 10, muddin ba ganganci ba ne, ba haɗari ba, ba kuma laifin da ya shafi kotu ba, ana iya ɗage masa tara ko dakatar da lasisi.