Abin Da Na Gano A Duwatsun Shere

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani abu da na gano a ƙasar Jos, gama ina tsammani akwai amfani a cikinsa ga mutanen ƙasarmu, tun ba ma masu haƙar rijiya da masu yasarta ba.

Ni akawu ne a Aliero, garin albasa da ɗori. Duk wanda ya bi hanyar nan da ta taso daga Tambuwal ta ratsa garinmu zuwa Jega, ta miƙa Maiyama, ya san ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, in ka ɗebe 'yan tuddan marmara nan da can. Saboda haka mutumin Aliero bai san hawa ba, sai na itace da na rumbu. Amma sauka mun san ta ƙwarai, don kuwa kowace unguwa da rijiyarta, kowane lambu da tasa, kuma babu rijiyar da ta haƙa kanta. Mun kuma san abin da faɗuwa ke yi wa ɗan Adam, gama ana kawo masu karaya wurin maɗoran garinmu daga nesa, har daga ƙasar Nijar, kuma tun muna yara muke ganinsu kwance cikin zauruka, an ɗaure musu kara.

A cikin watan Disamba na 2023 na sami hutu, wani abokina da muka yi makarantar mishan tare ya kira ni in je Jos in gan shi. Na bi ta Sakkwato da Gusau, na wuce gindin dutsen Kwatarkwashi ina ta leƙensa ta tagar mota, na kwana Zariya, kashegari na isa. Jos tana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, sanyinta kuwa a wannan wata ya fi gaban rigar da na tafi da ita. Gabas da garin akwai duwatsun Shere, waɗanda mafi tsawonsu ya kai wajen mita 1,800. Nan ne gwamnati ke da makarantar horar da samari ga jimiri da shugabanci, wadda jama'a suka fi sani da Man O' War. Asalinta a 1951 ne, a bakin teku kusa da Biktoriya ta Kudancin Kamaru, garin da yanzu ake kira Limbe, wani Bature Mista Alek Dikson ne ya fara ta. Da Kudancin Kamaru ya rabu da Nijeriya a 1961 sai aikin ya dawo gida. Abokina ya shirya mana fita ta kwana biyu, mu takwas, da wani jagora wanda ya ce a makarantar nan ya koyi sana'arsa, tare da mataimakinsa.

Sana'ar kuwa ita ce sauka daga kan dutse da igiya. Kafin in faɗi yadda ta kasance da ni, bari in ɗan faɗi inda ta fito. Mutanen duwatsun Alfas na ƙasar Turai ne suka raya ta, gama sun ga hawa ya fi sauka sauƙi, mai hawa yana ganin inda zai sa hannu, mai sauka kuwa ba ya ganin inda zai sa ƙafa. Ana jingina dabarar ga wani jagora na garin Shamoni a Faransa, Jean Charlet-Straton, wanda ya hau wani tsinin dutse mai suna Petit Dru a 1879, ya sauko ta hanyar ninka igiya. A zamaninsa igiyar rama suke aiki da ita, kamar tamu. Ta nailan ta shigo ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1953 kuma kamfanin Edelrid na Jamus ya fito da irin wadda ake aiki da ita yau, mai zuciya da riga: zaruruwan ciki su ke ɗaukar nauyi, saƙar waje ita ke tsare su daga kaifin dutse. Kaurinta bai fi ɗan yatsa ba, amma sabuwarta tana ɗaukar fiye da tan 2 kafin ta tsinke.

Ranar farko jagora ya kai mu kan wani dutse da gefensa ɗaya ya miƙe kamar bango, tsawonsa wajen gaba 12. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne jinkirinsa. Mun yi kusan sa'a guda ba wanda ya sauka. Ya warware igiyar duka, ya bi ta da yatsu daga wannan baki zuwa wancan, yana matsawa, yana neman inda ta yi laushi ko ta yi ƙari. Sa'an nan ya ɗaura ta wuri biyu dabam, ga wani ƙaton dutse da gindin wani itace, ya ce in ɗaya ya ci amana ɗaya zai riƙe. Ya shimfiɗa tsohon buhu a bakin dutsen inda igiya za ta goga. Ya yi ƙulli a ƙarshenta na ƙasa, don kada mai sauka ya zame ya wuce bai sani ba. Kana ya fito da igiya ta biyu, wadda shi zai riƙe daga sama yana saki kaɗan kaɗan. Wani saurayi cikinmu ya ƙosa, ya ce, "Malam, ashe ba ka yarda da igiyarka ba?" Ya amsa masa da cewa, "Na yarda da ita, ɗana, shi ya sa nake duba lafiyarta kullum."

Da layi ya zo kaina, ya ɗaura mini ɗamara mai kama ƙugu da cinyoyi, ya kifa mini hular kwano. A gaban ɗamarar akwai wani ƙarfe mai siffar lamba 8, ta cikinsa ake lanƙwasa igiya. Hikimar ƙarfen nan ita ce, kowace lanƙwasa tana cinye wani kashi na nauyin mutum ta wurin gugar igiya da ƙarfe, har ya zama hannu ɗaya ya isa ya tsai da ƙato. Mai kiwon da ya taɓa naɗa igiyar sa a jikin itace ya riƙe bakinta ya san wannan, ko da bai san sunanta ba.

Sai ya ce in juya wa ramin baya, in tsaya a baki, in buɗe ƙafafu, in jingina a kan iska. To, jama'a, nan ne maganar take. Tun ina yaro jikina ya koya cewa baya ba ta da ido, kuma wanda ya jingina inda babu bango ƙasa zai sha. Gwiwoyina suka kama rawa, bakina ya bushe, na ji bugun zuciyata cikin kunnuwa. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida, ni kuwa ran nan duka biyun suka same ni wuri ɗaya, gama akwai wata yarinya 'yar makaranta da ta riga ni sauka tana dariya. Jagora bai yi mini ba'a ba, bai kuma gaggauta ni ba. Ya ce, "Malam Akawu, kada ka dubi ƙasa, dubi tafin ƙafarka. Hannun dama kada ya bar igiya ko da kunama ta harbe ka. Sauran aikin nawa ne." Na jingina kaɗan, na ji ɗamara ta kama ni, na ƙara, har ƙafafuna suka dafe bangon dutse sosai, na zama kamar mai zaune a kujerar da ba a gani. Daga nan sai tafiya da baya, taki ɗaya ɗaya. In na sassauta hannu in sauka, in na ja igiya zuwa bayan cinya in tsaya cik. A tsakiyar hanya na tsaya don kaina, na waiga, na hangi garin Jos cikin hazo da rufin kwanonsa suna ƙyalli. Da ƙafata ta taɓa ƙasa na yi wa Allah godiya, na zauna, don ƙafafun sun ƙi ɗaukata sai da aka jima.

Rana ta biyu muka shiga wani kwazazzabo da rafi ke bi ta cikinsa. Wannan wani fanni ne dabam, Turawa suna biyan kuɗi mai yawa don a kai su. Ana bin ruwa ne duk inda ya bi: inda ya yi kwance a taka, inda ya taru a yi iyo, inda ya zubo daga sama a sauka da igiya ta gefensa. Bangon ya matso har wani wuri ina taɓa duka biyu da hannuwana, sama ta koma kamar zare, dutse ga santsi saboda gansakuka, ruwa ga sanyi kamar ƙanƙara. Mun sauka sau biyu, feshin ruwa na dukan hular kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai, sai da usur ake ba da umarni. Kafin mu shiga jagora ya daɗe yana duban sama, ko da yake rani ne. Ya ce da damina ko an cika masa jaka da kuɗi ba zai kawo kowa nan ba, gama ruwan da ke kashe mutum a kwazazzabo can nesa ake yinsa, kai kana cikin rana, sai dai ka ji ruri, kuma babu wurin gudu.

Maganarsa gaskiya ce, an kuwa gani. Ran 27 ga Yuli 1999, a kwazazzabon Saksetbak kusa da Intalaken ta ƙasar Suwizalan, hadari ya zuba a kan duwatsu, ambaliya ta rutsa da masu irin wannan yawo, mutum 21 suka mutu, 3 daga cikinsu jagorori ne. A 2001 kotu ta kama shugabannin kamfanin su 6 da laifin sakaci. Haka kuma a watan Agusta na 2018 ruwa ya ci mutum 10 a kwazazzabon Raganello a kudancin Italiya. Waɗannan suna da kayan aiki iri iri, abin da ya gaza shi ne duban sama da haƙurin fasa tafiya. Mu ma da muke zaune kusa da Gulbin Zamfara mun san ƙoramar da ke bushe da safe, da la'asar ta tafi da jaki da kayansa.

Yanzu ga dalilin wasiƙata. Da na komo gida na tafi wurin wani dattijo mai haƙar rijiya a unguwarmu, na ba shi labari duka. Ya saurara, ya yi murmushi, ya ce, "Yaro, ai abin da kuka je Jos kuka biya kuɗi kuka yi, shi nake yi shekara 40 ana biyana." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, kun fi mu zuciya nesa ba kusa ba. Amma igiya nawa kuke sauka da ita?" Ya ce ɗaya, ita ce kuma ta jan ƙasa. Ya lissafa mini abokan sana'arsa da suka gurgunce da waɗanda aka fitar ba rai. Mutanen nan gwanaye ne, suna sauka inda ni ba zan iya leƙawa ba, da ƙafa a ramukan bango. Abin da ya rage musu ƙanƙane ne, kuma kuɗinsa bai kai na jinyar ƙafa ɗaya ba. Don haka ina ba da shawara biyar.

Ta ɗaya, mai shiga rijiya ya kasance da igiya tasa ta tsaro, ɗaure a ƙirji da cinyoyi, dabam da ta guga, kuma a ɗaura ta ga abu biyu masu ƙarfi. Zarge a ciki kaɗai yana iya shaƙe mutum ko ya zame.

Ta biyu, a bi igiya da hannu kowace safiya. Igiyar roba da muke saye a kasuwar Jega rana tana cinye ta, in ta fara fari tana zubar da gari to ta mutu, a mai da ita ta ɗaurin akuya. Kada a ajiye ta kusa da batir, gama ruwansa yana cin nailan ba a gani.

Ta uku, kafin a shiga rijiyar da ta daɗe a rufe, a buɗe ta ta sha iska, a zura fitila mai wuta. In ta mutu, kada mutum ya shiga.

Ta huɗu, kada a saukar da injin ban ruwa cikin rijiya, kada kuma a tashe shi a bakinta alhali akwai mutum ciki. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da launi ba ta da wari, fitila ma ba ta nuna ta, tana kwantar da ƙato cikin 'yan mintoci. Masu lambun albasa su riƙe wannan da kyau.

Ta biyar, in wani ya suma a ciki, kada ɗan'uwansa ya faɗa bayansa ba igiya. Sau da yawa gawa ɗaya ta zama biyu ko uku ta wannan hanya. In da igiyar tsaro a jikin na farko, daga sama za a jawo shi.

Na san wani zai ce kwana ba ya ƙarewa sai ranarsa. Haka ne, amma wanda ya faɗi haka yana kulle ƙofarsa da dare, kuma rigakafi ya fi magani. Maɗoranmu Allah ya ba su baiwa, suna haɗa ƙashin da ya karye, amma wuyan da ya karye da numfashin da ya ɗauke sun fi ƙarfinsu.

Ina roƙon hakimai da masu unguwanni da ƙananan hukumomin Aliero da Jega da Maiyama su tara masu wannan sana'a, a saya musu igiya mai kyau da hular kwano. Ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a garinmu a 2006, ba zai gagari malamanta su koya musu ƙulli da gwajin iska cikin yini ɗaya ba. Masu karatu da suka fi ni sanin rijiya, ina so su rubuto su ƙara a kan abin da na faɗa, ko su gyara. Wanda kuma Allah ya kai shi Jos, ya nemi jagora na ƙwarai ya gwada, gama gani ya kori ji.

 

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Aliero.