Daga Rawayau Zuwa Babbar Ruga a Kan Keke

Maganar nan ta tsaya tsakaninmu tukuna, 'yan'uwa, kada wanda ya kai ta Facebook sai mun gama daidaita ta. Abin da nake so mu yi bayan kaka shi ne mu hau kekunanmu daga nan Rawayau, mu bi ta Dutsin-Ma mu faɗa Kankiya, mu miƙe hanyar Kano ta Tsanyawa da Bichi. Daga Kano mu yi arewa ta Dambatta da Kazaure har Daura, sannan mu juyo yamma ta Mashi, mu sauke a Katsina, a ƙofar asibitin Babbar Ruga. In aka haɗa, tafiyar za ta kai kilomita 400 ko kusa da haka. Duk abin da muka tara a hanya na matan da ke fama da yoyon fitsari ne.

Malam, na san tambayar da ke bakinka: me ya kai maza zancen lalurar mata? To ai mu ne a tsakiyarta. Idan naƙuda ta kama yarinya ta kwana ta wuni haihuwa ba ta zo ba, wa ake jira ya ce a nemo mota? Mijinta, ko mahaifinta, ko yayan mijin. A wannan jiran ne ɓarnar take faruwa. Kan jariri yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, ya matse shi a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki sai ya zube ya bar ƙofa, fitsari ya riƙa bi ta nan dare da rana ba tare da ta iya riƙe shi ba. Galibi ma jaririn ba ya zuwa da rai. Ga rashin ɗa, ga wari, ga mutane na ja da baya, wata har da takardar saki. Akwai kuma waɗanda yankan gishiri ya jawo musu. Kowa a cikinmu ya san gidan da aka taɓa samun irin wannan, ko da ba a faɗa da ƙarfi ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganin yana nan kusa da mu. Babbar Ruga a da asibitin kutare ne. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta, ya tarar da matan nan ba mai duba su, ya fara yi musu aiki a 1984. Tun daga lokacin dubban mata sun warke a wurin, an horar da likitoci daga ƙasashe da yawa, yanzu kuma cibiya ce ta gwamnatin tarayya. A Kano akwai sashen Laure a asibitin Murtala, a ƙetaren iyaka kuma akwai na Danja kusa da Maraɗi. Wani abin da likitan nan ya nuna, wanda nake so kowannenmu ya haddace kafin mu tashi, shi ne idan aka kawo mace da wuri, cikin makonnin farko da fara yoyon, wani lokaci robar fitsari kaɗai ake sa mata na 'yan makonni ƙofar ta rufe da kanta, ba sai an kai ga tiyata ba. Mutum nawa ne a ƙauyukanmu suka san haka? Ana ta jiƙe-jiƙe da hayaƙi har wata shida, har shekara, wurin ya bushe ya taurare, aikin ya ƙara wuya.

Shi aikin kansa ba kuɗi ake karɓa ba. Abin da ke tsare mace a ɗaki shi ne kuɗin mota zuwa da dawowa, da abin da ita da mai jinyarta za su ci, da sabulu da zannuwa, da kunyar shiga motar haya a zauna kusa da ita. Nan ne 'yar gudummawarmu za ta yi aiki.

Yaya ya ce me zai hana mu yi karo-karo kawai mu kai, mu huta da wahalar hanya. Gaskiya ne, da kuɗin ne kaɗai, da hakan ya wadatar. Amma ku tuna 2015, lokacin da Suleiman Hashimu, ɗan jiharmu, ya tako da ƙafa daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Buhari. Duk garin da ya shiga sai an fito kallonsa. A 2022 Kunle Adeyanju ya taso daga Landan zuwa Legas a kan babur don tara kuɗin yaƙi da shan-inna, duniya ta ji. A 2023 kuma Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini, ya taka keke ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Chadi yana neman isa Jami'ar Azhar. An tsare shi a hanya, bai fasa ba, daga ƙarshe mutanen da suka ji labarinsa suka biya masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira. Matafiyin da ya zo da ƙura a jikinsa yana tara mutane, ana tambayarsa daga ina, zuwa ina, don me. Wannan "don me" ɗin nake so. A bakin masallaci bayan la'asar, a teburin mai shayi, a tashar Gidan Mutum Ɗaya, maza za su tsaya su ji daga bakin maza 'yan'uwansu cewa naƙudar da ta kwana ta wuni ba ta gida ba ce, kuma yoyo yana warkewa.

Kun lura hanyar da na zana gabas ta yi. Da gangan ne. Ba za mu shiga Safana ko Batsari ko Ɗanmusa ba, ba kuma za mu bi wata hanyar da ta doshi dajin Rugu ba. Ba wanda ya manta 2021, da aka rufe layukan waya a Kurfi da Dutsin-Ma da wasu ƙananan hukumomi saboda 'yan bindiga. Shi ya sa na ce a riƙe bakin nan. Labarin inda muka sauka sai mun bar wurin za a sa shi a waya, kada a taɓa faɗin inda za mu kwana gobe. Kafin mu tashi za mu je wurin mai gari da fadar hakimi mu karɓi takarda, mu sanar da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra. Kwana kuma a cikin gari, gidan wanda muka sani ko wanda aka haɗa mu da shi, ba tafiyar dare ko ta taƙi ɗaya.

Wasu sun so a haɗa tafiyar da 23 ga Mayu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don yaƙi da wannan lalura. Tunani ne mai kyau, amma zafin Mayu a kan kwalta zai iya kwantar da mutum, ga shi lokacin sharar gona. Ni Disamba nake gani. An gama girbi, akwai ɗan abu a hannun mutane, wanda ba shi da kuɗi zai iya ba da tiyar gero ko wake. Sai dai ku shirya wa iska. Ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka daga Kano zuwa Daura kusan fuska da fuska za mu yi da ita, kuma nan ne zangon da zai fi gwada mu. Daga Daura zuwa Katsina kuwa tana bayanmu. Mu tashi da an sallame asuba gari ya ɗan waye, mu ci kilomita sittin ko saba'in kafin azahar, mu yi ƙasaru, mu huta, yamma ta zama ta magana da jama'a. Idan hazo ya rufe hanya mu jira, domin direban tirela a hanyar Kano ba zai hango mai keke cikin ƙura ba. Kowa da riga mai ƙyalli, a jere ɗaya bayan ɗaya, mota ɗaya na biye da mu da ruwa da kayan agajin gaggawa.

Zancen keke kuma, kada wanda ya ci bashi don sayen sabo mai giya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 da yawanmu mun fito da tsofaffin Fonis da Rali daga zaure, kuma waɗannan da suka saba ɗaukar buhu a kariya za su kai mu. A dai gyara su sosai. Baba mai faci ya yarda zai bi mu, kuma ya ce a kawo masa kowane keke tun da sauran lokaci. Kun san yadda yake aiki: ya juya keken ƙafa sama, ya murza wili yana kallon inda ya karkace, ya bi sifok ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana ɗaurewa, ya nutsa tub a kwanon ruwa yana neman inda kumfa ke fita. A canza robar birki, a wanke sarƙa a sa mata mai, kowa ya riƙe famfo da sholisho da tub na ajiya. Abokin gabarmu tsidau ne da ke gefen titi, don haka ba a sauka daga kwalta sai an ga inda taya za ta taka. Sirdi ma a gwada shi tun yanzu, don abin da bai dame ka daga nan zuwa Kurfi ba zai hana ka zama a kwana na uku. Mu fara atisaye duk safiyar Asabar, muna ƙara nisa a hankali. Guzuri kuwa dabino da ƙuli-ƙuli da fura, da ruwan gishiri da sukari.

Yanzu ga wurin da nake so mu yi wa juna gaskiya, wato kuɗi. Abota da yawa a nan take lalacewa. Abincinmu da man motar rakiya da gyaran keke duk daga aljihunmu za su fito, ko sisin kwabo ba za a taɓa daga na matan ba. A buɗe asusu guda wanda sai mutum uku sun sa hannu, ɗaya daga ciki ma kada ya kasance cikin masu tafiyar. Hajiya, ke muke roƙo ki riƙe littafin. Duk dare a karanta abin da ya shigo, a tura wa duk wanda ya bayar. Mai so ya yi alƙawari a kan kilomita: naira 100 sau 400 ta zama naira 40,000, kuma in mutum goma suka yi haka an samu abin kai mata da yawa asibiti.

Sharaɗi na ƙarshe, kuma a kansa ba zan sassauta ba: ba hoton mara lafiya. Matar da ta yi shekaru tana ɓuya daga maƙwabtanta ba za mu ɗora fuskarta a waya don a yaba mana ba. A ɗauki kekuna, a ɗauki hanya, a ɗauke mu in ana so. Shiga ɗakin jinya kuwa na Hajiya ne da matan da za su tarye mu a Katsina da mota.

Kafin komai, mutum biyu su je Babbar Ruga cikin makon nan su zauna da ma'aikatan jinya, su tambaye su abin da ya fi ƙaranci da yadda ake karɓar gudummawa bisa ƙa'ida, don kada mu kwaso abin da ba shi ake buƙata ba. Malam, kai da Yaya za ku je ranar Litinin, kuɗin motar yana wurina.