Wa ya faɗa, kuma yaya ya faɗa?

A makarantun sakandare na Ingila akwai wani darasi da ba a samun irinsa a jadawalin kwalejojinmu da lise-lisenmu, wato nazarin kafofin watsa labarai. Yaro ɗan shekara 14 zuwa 16 yana iya zaɓarsa cikin darussan da zai rubuta a jarrabawar GCSE, idan kuma ya so ya ci gaba da shi har shekara 18. Abin da ake aje masa a kan tebur shi ne shafin farko na jarida, ko tallar sabulu, ko wani yanki na shirin talabijin, a ce ya yi bayanin yadda aka gina ma'ana a ciki. Na ɗauki lokaci ina karanta takardun jagora da hukumomin jarrabawar can suke fitarwa domin ɗalibai da malamansu, kuma abin da ya riƙe ni a kansu shi ne na tarar da aikinmu na masu nazarin harshe zaune a ciki, an sake masa riga kawai.

Tsarin a taƙaice ga shi. Tun gyaran da aka fara aiki da shi a 2017, kashi 70 cikin 100 na maki yana fitowa daga takardu biyu na rubutacciyar jarrabawa, sauran kashi 30 kuma daga aikin da ɗalibi ya ƙirƙira da hannunsa cikin shekara. Hukumomi irin su AQA da OCR da Eduqas kowace tana zaɓar nata misalan da za a nazarta, amma duk a kan ginshiƙi huɗu suke tsaye: harshen kafar labari, da yadda take siffanta mutane da al'amura, da masana'antar da ta samar da ita, da masu kallo ko saurare. Nau'o'in da ake dubawa tara ne, daga jarida da rediyo da fim har zuwa wasannin kwamfuta da shafukan intanet.

Idan aka tace duk shawarwarin da ke cikin waɗannan takardu, abu ɗaya ne yake saura a rariya: kada ka maimaita mana labarin, nuna mana yadda aka yi shi. Ɗalibin da ya rubuta cewa a hoton akwai mace sanye da jar riga bai yi kome ba tukuna, domin mai gyaran takarda ma yana da ido. Maki yana farawa ne daga inda ya ce me ya sa ja, me ya sa aka ɗauki hoton daga ƙasa har matar ta yi kamar ta fi mai kallo tsawo, da kuma wa ake son ya ga haka ya sayi mujallar. Kowace magana da ya yi sai ya ɗora ta a kan wani abu da za a iya nunawa da yatsa a cikin hoton ko rubutun. Wanda ya taɓa zama gaban sharhin nassi a jarrabawar BAC ya san wannan doka, ko da ba a faɗa masa ita da wannan suna ba. Malamanmu na Faransanci sun sha ja mana layi da jar biro a gefen takarda saboda mun sake faɗar abin da marubuci ya riga ya faɗa.

Tushen wannan hanya kuwa daga gidanmu ya fito. Ferdinand de Saussure, wanda aka buga darussansa a 1916 bayan rasuwarsa, shi ya raba alama gida biyu, siga da ma'ana, ya kuma yi hasashen wani ilimi da zai nazarci alamomi duka, harshe ya zama reshe ɗaya a cikinsa. Roland Barthes ya ɗauki wannan hasashe ya kai shi kasuwa. A 1964 ya tsaya a kan tallar taliya ta Panzani, ya nuna yadda amon sunan da launukan ja da kore da rawaya, da tumatirin da ke leƙowa daga jakar cefane, suka haɗu suna raɗa wa Bafaranshe kalmar Italiya. Kafin nan, a littafinsa Mythologies na 1957, ya yi nazarin bangon mujallar Paris Match mai ɗauke da hoton wani matashi baƙar fata cikin kakin sojan Faransa yana sara wa tuta. A zahiri yaro ne yake gaisuwar soja. A baɗini kuwa, in ji Barthes, hoton yana cewa daular Faransa babba ce kuma ƴaƴanta na kowane launi suna yi mata hidima da yardarsu. An buga wannan nazari shekara uku kafin Nijar ta samu ƴancin kai. Duk lokacin da na karanta shi sai in tuna cewa mu ne a cikin hoton, wasu kuma suka yi karatunsa.

Wannan ne ya sa nake ganin bai kamata mu bar wa Ingilishi da Faransanci wannan fage ba, alhali Hausa cike take da wuraren da ake ɓoye hannu. A dubi jimloli uku: kasuwa ta ƙone, an ƙona kasuwa, wasu matasa sun ƙona kasuwa. Wuta ɗaya ce, toka ɗaya ce. A jimla ta farko aikatau yana aji na 4 a rabe-raben da Parsons ya yi a 1960, kuma abin ya zo kamar ƙaddara, babu wanda za a tambaya. A ta biyu lamirin nan na "an" ya tabbatar da akwai mai laifi amma ya rufe masa fuska. A ta uku ne kaɗai aka nuna wani, shi ma an lulluɓe shi da "wasu". Editan da ya zaɓi ɗaya daga cikin ukun ya yanke hukunci, ko ya sani ko bai sani ba.

Haka abin yake wajen suna. Mutanen da ke bi ta Agadas su ratsa hamada zuwa Libiya ko Aljeriya, wata tasha ta ce da su baƙin haure, wata ta ce ƴan ci-rani, wata ta ce ƴan gudun hijira. Na farko ya mai da su masu tsallake katanga, na biyu ya sa su cikin tsohuwar al'adar da kakanninmu suka sani ta tafiya neman abinci bayan kaka, na uku ya ba su matsayin waɗanda ake bin duniya bashin taimakonsu. Sai kuma kalmomin ɗauko magana: ya ce, ya bayyana, ya yi iƙirari, ya amsa cewa. Wanda "ya bayyana" an gaskata shi, wanda "ya yi iƙirari" an sa masa alamar tambaya, wanda "ya amsa" kuwa tamkar an kama shi ne. Ga kuma ƴar ƙaramar kalmar nan "wai", wadda mai magana ke wanke hannunsa da ita daga abin da shi da kansa yake yaɗawa. Ɗalibin Ingila yana samun maki idan ya gano irin wannan a jaridar Landan. Ƙanena da ke aji na ƙarshe a lise yana jin irinsa kullum a labaran safe, amma ba a taɓa tambayarsa ya rubuta layi ɗaya a kai ba.

Ginshiƙin masu saurare ma yana da abin da zai ba mu. Stuart Hall, haifaffen Jamaika da ya yi aiki a Jami'ar Birmingham, ya nuna a 1973 cewa saƙo ba ya isa kunne yadda ya bar baki. Wani ya karɓe shi yadda aka nufa, wani ya karɓi rabi ya gyara rabi, wani ya juya shi gaba ɗaya. Ba sai na je Birmingham ba kafin in yarda da wannan. Duk wanda ya zauna a fada da dare, ana dafa shayi ana sauraren saƙon murya da wani ya turo ta WhatsApp, ya ga karatun nan uku a kan tabarma ɗaya kafin a sauke butar farko. Sai dai a nan ne kuma nake ganin iyakar takardun Ingila. Yawancinsu suna hasashen mutum ɗaya gaban allo ɗaya. Mu kuwa labari yakan shigo mana cikin taro, kuma wanda ya fi girma ko ya fi baki a wurin yakan zama edita na biyu. Ɗalibinmu da zai yi nazarin masu saurare dole ya sa wannan a lissafi.

Ɓangaren aikin hannu shi ya fi burge ni. Kowace shekara hukumar jarrabawa tana fitar da umarni: a yi bangon mujalla, ko talla, ko gajeren bidiyo, domin wani rukunin mutane da aka ƙayyade. Aikin na mutum ɗaya ne, kuma hotunan dole su zama nasa. Tare da aikin sai ɗalibi ya miƙa bayanin niyya, kalma 250 zuwa 300, inda zai faɗi abin da ya ƙudura da dalilin kowane zaɓi. Ana auna abin da ya yi da abin da ya ce zai yi. Shawarar da ake nanata wa yara ita ce su fara da tambayar wa za su yi wa magana kafin su taɓa kyamara, domin kyan hoto ba ya ceton aikin da bai san mai kallonsa ba.

Na gwada wannan a wani lise na Damagaram inda na yi koyarwar wucin gadi. Ba mu da kyamara, ba mu da ɗakin kwamfuta, amma akwai salula a aljihun wasu. Na ce kowace ƙungiya ta shirya saƙon rediyo na minti biyu da Hausa, a kan kare yara ƙanana daga cizon sauro lokacin damina, ta kuma rubuto rabin shafi na dalilanta. Gardamar da ta biyo baya ta fi duk darasin nahawun da na ba su a wannan zango. Za a ce zazzaɓin cizon sauro kamar yadda manyan tashoshi ke faɗa, ko masassara, ko kuwa palu yadda ake ji a bakin likita? Gidan sauro ko sange? Muryar namiji mai umarni ko ta tsohuwa mai lallashi? Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, a garinmu rediyon na maigida ne, da shi yake tafiya gona. Idan uwa ake son ta ji, sai dai a sa bayan sallar isha, ko kuma a yi wa mijin magana ya kai mata." Wannan yarinya ba ta taɓa jin sunan Hall ba, amma abin da ta faɗa shi ne nazarin masu saurare, kuma da a takardar GCSE ta rubuta shi da ta ci makinsa.

Akwai tarko guda da su kansu malaman Ingila suke gargaɗi a kai, kuma mu da muka taso cikin hadda mun fi kusa da faɗawa ciki. Yaro ya cika takarda da sunayen masana, Barthes ya ce, Todorov ya ce, Propp ya ce, alhali bai kalli hoton da ke gabansa ba. Sunan masani makulli ne, idan bai buɗe wata ƙofa a cikin nassin ba to nauyi ne kawai a aljihu. Wannan gargaɗi bai tsaya kan ƴan sakandare ba. Ya shafi kundayen da muke rubutawa a nan jami'a, inda wani lokaci babin ra'i yakan cinye rabin aiki, misalan Hausa kuma su zo a ƙarshe kamar baƙin da aka manta da su a zaure.

Kada wani ya ɗauka haɗa makaranta da kafofin labarai baƙon abu ne a ƙasar nan. Ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta kafu a 1962, inda manoma ke taruwa su saurari shiri su tattauna, a kuma naɗi muryarsu a mayar da ita gidan rediyo. A 1964 aka fara koyar da yaran firamare ta talabijin a Nijar, tun ƙasashe da yawa ba su yi tunanin haka ba. A wancan lokaci an yi amfani da na'ura domin a isar da darasi. Abin da ya rage shi ne a mai da na'urar kanta abin nazari, a koya wa yaro ya tambaye ta wa ya sa ta magana da kuma wa ya biya.

Dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Matsayi a takarda ba ya haifar da kalmomin aiki, sai mutane sun zauna sun ƙera su. Ba mu daidaita a kan yadda za mu kira ma'ana ta zahiri da ta baɗini a aji ba, ko kusurwar ɗaukar hoto, ko rukunin mutanen da saƙo ya nufa. Da yawa daga cikinmu aji muka nufa bayan digiri, a Maraɗi ko Tawa ko wani ƙauye da ba shi da lantarki. Ba sai an jira ma'aikatar ilimi ta buɗe sabon darasi ba. Malamin harshe yana iya ɗaukar kanun labarai uku na rana ɗaya daga tashoshi uku, ya rubuta su a allo, ya ce da yara su nemo wanda aka ɓoye a cikin kowane. Minti goma sha biyar sun isa, kuma alli kaɗai ake bukata.